Ni da Jan Zakara a Ƙofar Baba Nomau

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gidan Baba Nomau da jan zakara a hammata ba. Har yanzu in abin ya faɗo min a rai sai in ji kunya ta rufe ni, ko da kuwa a gaban allo nake ina koyar da 'ya'yan mutane.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Faskari, kuma a lokacin ina fama da wani digiri na biyu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Bincikena a kan ƙauyukanmu ne na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, yadda suka kasance a zamanin da kuɗin fetur ya yi ambaliya a ƙasar nan, lokacin da samari suka jingine garma suka nufi Kaduna da Legas aikin gini, gayya ta mutu, auduga ta rasa masu cira. Na rubuta babi-babi masu kyan gani, kuma rabin aikin manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da ke cikin waya ce ta yi min. Ita ke nemo min littattafai, ta taƙaita min su, ta gyara min Turancina da ke ɗingishi. Na yarda da ita fiye da yadda na yarda da kaina. A ɗakin malamai ko gardamar ƙwallo ake yi sai na ce a dakata in tambaye ta, har abokan aiki suka fara ce min in gaida uwargida in sun ga na zaro waya.

Dakta, matar da ke duba aikina a jami'a, ba ta da yawan magana, kuma abin tsoron da ke tattare da ita ke nan. Ta juya shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, ta cire tabarau, ta ce ta karanta duka amma ba ta ji muryar mutum ko ɗaya da ya ga zamanin da idonsa ba. Ta fi nuna babin da na yi a kan Maguzawa, waɗanda su ne manyan manoman yankin. Ta tuna min cewa wa'adina a jami'ar yana ƙarewa ne a ƙarshen zangon. In ban kawo mata hira ta gaske da dattijon da ya rayu a lokacin ba, ba za ta sa hannu ba, kuma za a share sunana. Shekarun da na yi ina jele a hanya, da tutiyar da na yi wa dangi cewa na kusa gamawa, duk za su bi ruwa.

Mai cetona shi ne Malam Yohanna, malamin lissafi a makarantarmu. Ya ce yana da baffa, Baba Nomau, a wata 'yar unguwa gaba da Ketare (ba zan faɗi sunanta ba, don na ji har yau suna ba da labarina). Baffan nan yana cikin samarin da suka tafi Kaduna a wancan zamanin, ya dawo, kuma tsararrakinsa duk sun kwanta dama. Ya buga masa waya a gabana, aka sa rana.

To, a nan ne matsalar take. Ni a hannun kakata na tashi a Sabuwa, kuma labaran da ta cika mana kunne da su a kan Maguzawa ba na wasa ba ne. Wai in ka karya ko zangarniya ɗaya a gonarsu cikinka zai kumbura. Wai in ka ɓata musu rai aradu za ta bi ka har ɗaki, ko da rani ne. Na girma, na yi boko, ina sa takalmi sau-ciki, amma yaron nan da ke ƙudundune a bayan kaka bai je ko'ina ba. Na san Malam Yohanna Kirista ne, sai na ba kaina amsa cewa ai yaran ne suka shiga coci, tsofaffin suna nan a kan abinsu.

Mai hankali da Malam Yohanna zai tambaya yadda ake shiga gidansu. Amma ta yaya zan dubi mutumin da muke shan shayi tare in ce ya gaya min yadda zan kare kaina daga baffansa? Waya ba ta da ido, ba za ta ga kunyata ba, don haka ita na tambaya. Kuma ku duba yadda na yi tambayar. Ban ce yaya ake gaida dattijo a ƙasar Ƙanƙara ba. Cewa na yi, me baƙo zai yi don kada ya fusata iskokin Maguzawa in ya shiga unguwarsu.

Ta ba ni amsa a tsare, cikin natsuwa irin ta wanda a can aka yanke masa cibi. Ta ce bisa ga rubuce-rubucen masana, ba a yi musu sallama irin tamu. Ta ce baƙo ba ya magana da maigida sai ya fara neman izinin masu wuri, wato iskokin gidan. Za a gane mazauninsu da babbar bishiya, galibi tsamiya, da duwatsu a kewaye, da tukunya, da fatun dabbobin da aka yanka. Ta ce a tafi da jan zakara da giya. Har kalmomin da zan faɗa ta tsara min. Giyar ce kawai na ce ban iya ba. Kalmomin kuma sun tsaya min a rai, don ƙanshin shirka nake ji a jikinsu, amma na lallashi kaina cewa aikin bincike ne, baki ne zai faɗa ba zuciya ba. Na yi ta istigfari tun kafin in aikata laifin.

Ranar kasuwar 'Yankara na je na zaɓo zakara ja jawur, ƙosasshe. Matata ta ɗauka abin arziki ne ya zo gida, har ta ɗora ruwan zafi, na ce mata na makaranta ne. Ta dube ni, ta dubi zakaran, ta sauke tukunyarta.

Wanda ya san halin da hanyoyinmu suke ciki ba sai na yi masa bayanin tafiyar ba. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi ta rufe gefen titi, ba ka ganin abin da ke bayanta. A cikin mota ba mai hira, kowa leɓensa ne ke motsi. Duk inda direba ya rage gudu sai gabana ya faɗi. Zakaran nan kuwa bai san ana tsoro ba, sai ya zaɓi inda aka fi yin tsit ya rangaɗa cara, fasinjoji su juyo su harare ni. Daga Ketare na hau acaɓa. Mai babur ɗin ya sauke ni a bakin unguwar, ya nuna min wani gida mai zaure, ya juya kafin in gama gyara zaman hulata. Na duba waya, babu sabis ko layi ɗaya. Sai dai na riga na ɗauki hoton bayanin, don haka na ji ina da makami.

Rana ta take, unguwar shiru, kowa yana gona. A ƙofar zauren wani tsoho ne dogo, siriri, zaune a kan benci da 'yar rediyo a cinyarsa. Na san shi ne. Ya ɗago kai, ya saki fuska, ya ce min sannu da zuwa, ya hanya.

Ban amsa ba. Wallahi ban amsa ba. Dattijon da ya yi jika da ni ya gaishe ni, na sunkuyar da kai na wuce shi kamar na wuce turmi, domin an ce ba a magana da maigida sai an nemi izini. Ya sake cewa sannu, da ɗan ƙarfi, ko a zatonsa kurma ne ni. Na ƙara sauri.

Domin na riga na hango wurin. Ga tsamiya nan gefen gidan, ƙatuwa, mai duhun inuwa. A gindinta an jera duwatsu an kewaye wani fili, an share shi tas, an zuba yashi. Daga gefe ɗaya jerin duwatsun ya ɗan turo waje ya yi wani ɗan lungu. Ga tulu a rufe da faifai. A reshe kuma ga fatun raguna a rataye, iska na kaɗa su. Duk abin da manhajar ta faɗa ga shi a gabana, ba abin da ya ɓace. Gashin jikina ya tashi. Amma wani ɓangare na zuciyata yana ta yaba wa kimiyya.

Na cire takalmi, na tsallaka duwatsun da ƙafar dama, na nufi ɗan lungun nan, tunda na ga alamar nan ne mazaunin babbansu. Na durƙusa. Na ajiye zakara a kan yashi na danne shi da hannu ɗaya, na riƙe waya da ɗayan, na fara karantawa da murya ƙasa-ƙasa: masu wuri, baƙo ya zo da alheri, ga abin gaisuwa, a ba shi hanya. A cikin zuciya kuwa duk addu'ar tsarin da na iya ita nake ja, har suna cakuɗewa. Zakaran ya yi wani yunƙuri, ya saki kashi a kan yashin nan mai tsabta, na ɗauka wata alama ce, na ƙara ƙanƙame shi na sake karantawa daga farko.

Ina cikin na biyun ne na ga inuwar mutane ta faɗo a kaina.

"Kai bawan Allah, mi kake bisnewa a wurin liman?"

Na ɗago. Wani dattijo ne mai farin gemu, da buta a hannu. A bayansa magidanta ne da suka taso daga gona, da laujuna da fartanyu, biyu daga cikinsu da bindigogin 'yan sintiri a kafaɗa. Ba wanda ke murmushi. A daidai lokacin nan ne idona ya buɗe, na sake duban wurin da nake durƙushe. Duwatsun iyakar masallaci ne. Ɗan lungun nan da ke fuskantar gabas wurin tsayuwar liman ne. Tulun na ruwan alwala ne, fatun kuma buzayen salla ne aka shanya. Ni da tun ina yaro nake salla a irin wannan masallacin a ƙofar gidan kakana, ni ne na kasa gane shi.

Kunyar ba ta samu zama ba, tsoro ya ture ta. Ku dube ni da idonsu: baƙo, ba wanda ya san shi, ya shigo lokacin da ba kowa, ya durƙusa a wurin liman da jan zakara yana ƙus-ƙus da waya. A wannan zamanin amsa biyu ce kawai, ko boka ne ya zo binne wa unguwa asiri, ko ɗan leƙen asirin mutanen daji ne. Na ji wani yana cewa a duba aljihunsa, wani ya ce a fara ɗaure shi tukuna. Aka fizge wayar. Aka ɗaga ni tsaye ta wuyan riga, zakara ya samu kansa ya tsallake duwatsu ya yi nasa wuri. Na buɗe baki in ce ni malamin makaranta ne, abin da ya fito ba ya kama da Hausa. Na tuna 'ya'yana. Na tuna ba wanda ya san ainihin inda nake sai Malam Yohanna. Ni da na taho ina tsoron kada a yi min asiri, ga shi ni ake shirin yi wa dukan matsafi.

"Ku dakata mai. Baƙona ne, Yohanna ya ce shina tahe."

Tsohon da na ƙi amsa wa gaisuwa ne ya taso, yana dogara sanda. Bai ɗaga murya ba, amma hannun da ke wuyana ya saki. Daga baya na fahimci mai farin gemun ƙanensa ne, Alhaji, limamin unguwar. Shi kuwa Baba Nomau dattijo ne a cocinsu, wadda rufin kwanonta ke ƙyalli a bayan gidan, kuma duk faɗinta ban gan ta ba.

Alhaji ya ce baƙo ko ba baƙo ba, sai na faɗi abin da ya kai ni wurin liman da zakara. Babu mafita. Aka miƙo min wayar, na tsaya a tsakiyarsu ba takalmi, na karanta musu bayanin ina fassarawa, tun daga kan sallama har zuwa giya. Na yi fatan su yi dariya, don dariya tana nufin na tsira. Wasu samarin sun fara, amma da suka dubi fuskar Baba sai suka haɗiye. Ya tambaye ni wa ya rubuta wannan. Na ce na'ura ce, daga littattafai take ɗaukowa. Ya ce ita na'urar ta taɓa zuwa nan? Na ce a'a. Ya ce ubansu ya yi addinin gargajiya har ya mutu, ba su taɓa ɓoyewa ba kuma ba su jin kunyarsa, amma ko shi in baƙo ya zo ruwa yake fara ba shi, bai taɓa sa kowa durƙuso ba.

Sai ya gyara riƙon sandarsa. Ni kuwa a zuci na gama sallama digirina, na fara tsara abin da zan gaya wa dangi.

"Zamanin da kake son ji, malam, ni na tahi Kaduna," in ji Baba. "Gini munka yi, benaye, kuɗi har ba mu san inda za mu sa su ba. Amma ranar da abokan aiki sunka ji ni Bamaguje ne, sai aka ware mani kwano. In na shigo ɗaki a yi tsit. Mutum shi wuce ni ba gaisuwa, wai kada in yi mai wani abu. Ba yunwa ta maido ni gida ba, abin ga ne. Na ce bari in koma inda in na gaida mutum za ya amsa. Yau ga shi ya biyo ni har ƙohwar gida."

Da dukan aka yi min da ya fi min sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, irin wadda take sa ka ji nauyin hannuwanka ka rasa inda za ka ajiye su. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Sa takalminka ka koma bakin hanya. Ka sake shigowa kamar ɗan mutane."

Haka na taka, unguwa guda tana kallona, har mata ta saman danga, na je inda mai babur ya sauke ni, na juyo. Tafiyar ba ta da nisa amma na ji ta a ƙafafuna. Da na iso ƙofar zauren na tsaya, na yi sallama. Gaba ɗayansu suka amsa, masu buta da masu zuwa coci, Baba a kan gaba. Ya nuna min benci, ya sa aka kawo min ruwa a kwanon sha.

Alhaji dai bai yafe kashin zakara ba. Ni na kwashe shi da hannuna, na ɗebo sabon yashi na zuba, sannan na yi alwala da ruwan tulun da na ɗauka na iskoki ne, na bi shi azahar a sahun baya. Mutumin da ke kusa da ni kafaɗarsa rawa take yi don danne dariya tun daga kabbarar farko har aka sallame.

Bayan nan Baba ya zauna da ni har rana ta yi sanyi. Ya ba ni labarin yadda aka wayi gari a unguwar ba saurayin da zai riƙe garma, da yadda mata da tsofaffi suka yi noman shekarar, da rediyo da agogon da ya dawo da su. Da na kunna rikoda na roƙe shi ya sake faɗin abin da ya dawo da shi daga Kaduna. Ya maimaita shi tiryan-tiryan, kwanon da aka ware, da tsit ɗin da ake yi, da masu wucewa ba gaisuwa. Da ya zo ƙarshe sai ya tsaya. Bai sa ni a ciki ba.

Da na dawo gida na huce haushina a kan manhajar, na rubuta mata duk abin da ta jawo min. Nan take ta ce ina da gaskiya, tana ba da haƙuri, ko ina so ta tsara min wasiƙar neman afuwa? Ko gumi ba ta yi ba. Na koma kan amsarta ta farko don in kafa mata hujja, sai na tarar can ƙasa ta rubuta cewa waɗannan bayanai tsofaffi ne ƙwarai, mutane sun sauya, ya kamata in tambayi ɗan yankin kafin in tafi. Hoton da na ɗauka bai kai nan ba, ni ma karatuna bai kai ba. Abin da kakata ta faɗa nake nema, da na gan shi da Turanci mai kyau sai na daina karantawa.

Dakta ta sa hannu. Ranar kare aikin, baƙon farfesan da aka gayyato ya buɗe shafin maganar Baba ya karanta ta a fili, ya girgiza kai, ya ce dubi irin jahilcin mutanen wancan zamanin, a gode Allah yanzu ilmi ya yawaita. Na gyaɗa kai tare da kowa, ina duban tebur.

Har yanzu ina amfani da manhajar, ƙarya ne in ce na daina. Ta nemo littafi, ta gyara Turanci, wannan aikinta ne, kuma yanzu har ƙasa nake karanta amsarta. Amma in maganar mutane ce masu rai, masu ƙofar gida, su nake zuwa in tambaya. Kuma tun daga nesa nake ɗaga murya da sallama, har wani lokacin karnukan unguwa su riga masu gida amsawa.